Yadda Ake Bin Salsalar Kalmar Turanci: Daga “Nice” Zuwa Harshen da Ba a Taɓa Rubutawa Ba

Kalmar “nice” tana cikin sifofin farko da ɗan makaranta ke kamawa a Turanci. Abinci in ya yi daɗi ita ake faɗa, mutum in yana da kirki ita ake faɗa, gari in ya yi lumshi ita ce dai. Amma da za ka je Ingila wajen shekarar 1300 ka kira mutum da ita, da ka zage shi, domin a wancan zamani ma'anarta wawa ko sakarai. In aka ƙara komawa baya zuwa bakin Rumawa, kakarta tana nufin wanda bai sani ba, wato jahili. Wannan jagora zai bi da kai ta hanyar da masana tarihin harshe ke bi har su gano irin wannan, don gobe ka ɗauki wata sifar da kanka ka bi diddiginta.

Ƙa'ida guda ce ke riƙe da aikin gaba ɗaya. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san ba a karɓar magana don ta yi daɗi a kunne, sai an duba isnadinta: wa ya ji daga wa, kuma sun yi zamani ɗaya ko ba su yi ba. Haka salsalar kalma take. Duk inda aka ce wannan kalma daga waccan ta fito, sai a nemi shaida uku. Sautin ya sauya ta hanyar da aka san sautukan harshen suna sauyawa? Ma'anar tana da turbar da za ta bi daga can zuwa nan? Masu harsunan biyu sun taɓa haɗuwa, ko kuwa kakansu ɗaya? In ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, salsalar ta yanke, komai kyan labarin.

## Mataki na farko: tsayar da kalmar, ka feɗe ta

Ka fara tabbatar da wace kalma kake bi, domin rubutu ɗaya yakan ɓoye kalmomi biyu da ba su haɗa komai ba. Akwai birni a kudancin Faransa da ake rubuta sunansa da waɗannan haruffa huɗu, ana kiransa Nis. Girkawa ne suka kafa shi da sunan Nikaia, daga kalmarsu ta nasara. Babu abin da ya haɗa shi da sifarmu sai rubutu.

Sannan ka duba ko kalmar tana da ɗafi, ka cire shi don saiwar ta fito. Ɗafa-ƙeya kan ba da labari tun kafin ka buɗe ƙamus. Sifar da ta ƙare da -ous, -al, -ive ko -able yawanci ta biyo ta Faransanci ko Latin. Wadda ta ƙare da -y, -ish, -ful ko -less tana ɗauke da ɗafi na gida, wanda Turanci ya gada daga iyayensa. Alama ce kawai, ba hujja ba, saboda Turanci na liƙa ɗafin gida a jikin ararriyar saiwa: “beautiful” saiwarta ta Faransanci ce, wutsiyarta ta gida. “Nice” a yau gaɓa ɗaya ce, ba wani abin cirewa a fili. Ɗafinta yana ɓoye a ciki, sai mun isa Latin zai bayyana.

## Mataki na biyu: nemi ƙamus mai ba da shekaru

Ƙamusun aljihu ba zai yi wannan aiki ba. Yana gaya maka abin da kalma ke nufi yau, kai kuwa kana son abin da take nufi a kowane ƙarni tare da jimlar da aka same ta a ciki. Uban wannan fanni a Turanci shi ne babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara tunaninsa a 1857, James Murray ya karɓi jagorancinsa a 1879, aka kammala bugun farko a 1928. Bugu na biyu na 1989 juzu'i 20 ne. Tsarinsa shi ne ya jera ma'anonin kalma, kowace da misalan jimloli daga tsofaffin rubuce-rubuce da shekarunsu. A intanet sai da kuɗin rajista ake ganin cikakkensa, don haka ka tambaya a ɗakin karatun jami'a ko suna da damar shiga.

In ba ka samu ba, akwai ƙofofi na kyauta. Ƙamusun Turancin Tsakiya na Jami'ar Michigan, wanda aka gama a 2001, yana buɗe ga kowa. Ƙamusun Bosworth da Toller na Tsohon Turanci da na Lewis da Short na Latin, wanda ya fito a 1879, duka suna intanet. Akwai kuma shafin Etymonline na Douglas Harper, wanda ya tattara bayanan manyan ƙamusoshi a taƙaice. Nan ne ya fi sauƙin farawa, amma kar a tsaya a nan. Abin da ka gani a wuri ɗaya, ka gwada shi da na biyu.

Ka riƙe rabon zamani a ka, don ƙamusoshin da shi suke magana: Tsohon Turanci daga wajen ƙarni na 5 zuwa wajen 1150, Turancin Tsakiya daga nan zuwa wajen 1500, sai Turancin zamani.

## Mataki na uku: jera ma'anoni bisa shekaru, ka karanta jimlolin

A nan ya kamata ka daɗe. Ɗauki takarda, ka rubuta ma'ana mafi tsufa a sama, ka sauko a hankali. Ga abin da za ka samu game da “nice”.

Wajen 1300 tana nufin wawa, maras wayo. Geoffrey Chaucer, marubucin waƙoƙi ɗan Ingila wanda ya rasu a 1400, yana amfani da ita da wannan ma'ana, a rubutun “nyce”. A wannan zamanin kuma ta fara yaɗo zuwa wasu halaye da mutane ke ganin na wauta ne: mai shashanci, mai almubazzaranci a sutura, rago, mai jin kunya fiye da kima. Zuwa ƙarshen ƙarni na 14 sai ga ta da ma'anar mai tsirfa, mai iyayi, wanda ba komai yake ci ba, ba komai yake sawa ba. Daga mai tsirfa sai ta koma kan abin da mai tsirfar ke so, wato abu mai laushi, mai kyan aiki. A ƙarni na 16 ta zama mai tsantseni da daidaito, kamar ma'auni da ba ya kuskure ko bambanci siriri da sai mai lura ke gani. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 da irin wannan ma'ana ya fara bayaninta. A rabin ƙarshe na ƙarni na 18 ma'anar abu mai daɗi ta bayyana a rubuce, sannan a ƙarni na 19 ta kai ga mutum mai kirki.

In ka ɗauki farko da ƙarshe kaɗai, jahili da mai kirki, za ka ce ƙarya ce. In ka bi tsakiyar, ba inda aka yi tsalle. Mai wauta, mai iyayin banza, mai zaɓe, mai zaɓe da basira, abin da aka zaɓa, abu mai daɗi: kowane taku ɗan ƙarami ne, kuma a kowane zamani tsohuwar ma'ana da sabuwa sun zauna tare na tsawon shekaru. Shi ya sa masu ƙamusun Oxford da kansu suka lura cewa a misalai da yawa na ƙarni na 16 da na 17 da wuya a tantance wace ma'ana marubucin ke nufi. Ni a wurina waɗannan jimloli masu fuska biyu su ne mafi daraja a duk binciken, domin a cikinsu ake kama sauyin yana faruwa. Mai magana ya nufi abu ɗaya, mai saurare ya fahimci maƙwabcinsa, yaron da ke gefe ya tashi da na biyun.

Ka kuma nemi sawun tsohuwar ma'ana a harshen yau, don ba kasafai take ɓacewa ƙurmus ba. Har yanzu lauya ko malamin jami'a na iya cewa “a nice distinction”, ba yana nufin bambanci mai daɗi ba, yana nufin siriri. Sunan “nicety” ma yana riƙe da ma'anar daidaito. Sannan ka lura da ƙorafin mutanen zamanin, shi ma shaida ne. A littafin Jane Austen mai suna Northanger Abbey, wanda ya fito a ƙarshen 1817, wani saurayi yana tsokanar wata budurwa saboda ta kira littafi “nice”, yana ƙorafin cewa kalmar da a da take nufin tsari da tsantseni yanzu an mai da ita ta yabon komai. Wannan ya nuna maka cewa a lokacin sabuwar ma'anar ta yaɗu a baki, amma masu ilimi ba su gama amincewa da ita ba.

Irin wannan tafiya ba ta “nice” ce kaɗai ba. “Silly” ta yi ta a juye: kakarta a Tsohon Turanci, “sælig”, tana nufin mai albarka ko mai farin ciki, ta bi ta maras laifi, abin tausayi, mai rauni, ta ƙare a wawa. 'Yar'uwarta ta Jamusanci, “selig”, har yau mai albarka take nufi.

## Mataki na huɗu: gado ce ko aro?

Yanzu ka isa mararraba. Tambayar ita ce, kalmar tana cikin Tsohon Turanci? In tana ciki, kuma tana da 'yan'uwa a Jamusanci da harshen Holan da harsunan Sikandinebiya, to ta gado ce, za ka bi ta reshen Jamusawa, wato rukunin da ya haɗa Turanci da waɗannan harsuna. In ba ta ciki, sai ta ɓullo daga baya, ka nemi wanda ya kawo ta.

“Nice” ba ta cikin Tsohon Turanci. Ta ɓullo ne bayan 1066, shekarar da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje na tsawon ƙarnuka, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci, musamman a ƙarni na 13 da na 14. In ka buɗe ƙamusun Tsohon Faransanci za ka tarar da “nice” da ma'anar wawa ko maras wayo. Rubutu ɗaya, ma'ana ɗaya, zamani ya dace, hanyar haɗuwa a bayyane take. Wannan gaɓa ta salsalar ba ta da rauni ko kaɗan.

Ba kowace baƙuwar sifa ce ta Faransa ba. Mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9 sun bar “ugly”, “weak”, “low”, “odd” da “ill”. Malaman ƙarni na 16 da na 17 kuma sun ɗebo wasu kai tsaye daga littattafan Latin da Girkanci, ba tare da sun bi ta bakin kowa ba. Irin waɗannan ana gane su da cewa suna kama da asalinsu sosai, ba su goge ba.

## Mataki na biyar: gwada sauti

Ƙamus zai ce maka “nice” ta Tsohon Faransanci daga “nescius” ta Latin ta fito. Kar ka karɓa don ƙamus ya faɗa, ka tambayi yadda aka yi wasalin e ya zama i. Hanyar gwaji ita ce ka nemo wasu kalmomi da suka bi wannan turba, domin sauyin sauti ba ya zaɓar kalma ɗaya ya bar sauran, duk inda yanayin ya yi daidai yakan shafe su gaba ɗaya. A Faransanci, gajeren e na Latin in sauti mai kama da y ya biyo shi yakan koma i. “Pretium”, farashi, ta zama “pris”, wadda Turanci ya ara ta zama “price”. “Sex”, shida, ta zama “sis”. “Lectus”, gado, ta zama “lit”. To “nescius” da ta zama “nice” ba ita kaɗai ba ce a layin, kuma ba banza ba ne yau “nice” da “price” suke amo ɗaya.

Ka kuma leƙa maƙwabta. Sifaniyanci na da “necio”, harshen Fotugal na da “néscio”, dukansu har yau wawa ko jahili suke nufi, kuma sun riƙe e ɗin Latin. Su ne shaidun da suka tabbatar da cewa kalmar ta rayu a bakin 'ya'yan Latin, Turanci ne kaɗai ya kai ta inda ba wanda ya zata.

Akwai saura guda. Me ya sa ake rubuta i amma ake furta ai? A zamanin Chaucer dogon i ake furtawa, kamar na “kifi”. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci suka gusa gaba ɗayansu, abin da masana ke kira Babban Gushin Wasula, dogon i ya zama ai, dogon u ya zama au. Injin ɗab'i kuwa, wanda William Caxton ya kawo Ingila a 1476, ya taimaka wajen daskarar da rubutu kafin gushin ya kammala. Saboda haka rubutun Turanci sau da yawa hoton tsohon furuci ne, abin da ke wahalar da ɗalibi amma yake taimakon mai bincike.

## Mataki na shida: feɗe kakar

Da ka isa Latin, ka maimaita matakin farko. “Nescius” gida biyu ce: “ne”, harafin korewa, da saiwar aikatau “scire”, sani. Wanda bai sani ba ke nan. Daga “scire” ɗin nan ne “scientia” ta fito, wadda ta ba Turanci “science”, haka “conscience” da “conscious” da “omniscient”. Turanci ma ya sake aro daga wannan haɗi a karo na biyu kai tsaye daga littafi, a siffar “nescient”, wadda ta riƙe ma'anar jahilci ba ta motsa ba. Ashe “ni” ɗin farkon “nice” shi ne abin da ya rage daga korewar, sautin s na ƙarshe kuma shi ne abin da ya saura daga sanin.

Har zuwa nan ƙafarka tana kan rubutu. Kowace siffa da muka ambata akwai takarda ko dutse da ke ɗauke da ita.

## Mataki na bakwai: tsallaka inda rubutu ya ƙare

Latin ma ɗa ne. A 1786, a birnin Kalkata na Indiya, wani alƙalin Ingila mai suna William Jones ya faɗa a wani jawabi cewa kamannin da ke tsakanin Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin, a saiwoyin aikatau da tsarin nahawu, ya wuce a ce dace ne, dole sun fito daga tushe ɗaya wanda wataƙila ba ya nan yanzu. Franz Bopp a 1816, Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822 suka mai da wannan hasashe ilimi mai ƙa'ida. Dangin da suka gano shi ake kira na Indiya-da-Turai, ya haɗa Turanci, Faransanci, Rashanci, Girkanci, Farisanci, Hindi da wasu da dama. Kakansu ba a taɓa rubuta shi ba. Yawancin masana na ganin an yi magana da shi a filayen da ke arewa da Baƙin Teku da Tekun Kasfiyan, kimanin shekara 6,000 da suka wuce.

To ta yaya ake sanin kalmar harshen da ba shi da rubutu? Ana jera siffofin 'ya'yansa, a gano sauyin da kowanne ya saba yi, a warware sauyin baya-baya har a isa siffar da za ta iya haifar da su duka. Irin wannan siffa ana sa mata tauraro a gaba, alamar cewa ginawa aka yi, ba a takarda aka gan ta ba. Kar ka taɓa yar da tauraron nan in kana kwafa. Shi ne iyaka tsakanin abin da aka gani da abin da aka auna.

Rabin farko na kalmarmu yana da ƙarfi sosai. Korewar *ne tana ko'ina a dangin: “na” a Sanskirit da Farisanci, “ne” a Rashanci da Tsohon Turanci, kuma ita ce n ɗin da ke farkon “no”, “not”, “none” da “never”. Rabi na biyu ya fi buƙatar taka-tsantsan. Masana suna danganta “scire” da wata saiwa mai ma'anar yankewa ko rabawa, wadda ƙamusoshi da yawa ke rubutawa *skei-, kodayake sun saɓa kan ainihin siffarta. A ƙarƙashinta suke jera “scindere” ta Latin da “skhizein” ta Girkanci, duka tsagawa, da “shed” ta Turanci wadda asalinta rabawa ne, da “ski”, wadda a tsohon harshen Sikandinebiya tsagin itace ce. Turbar ma'anar ita ce sani shi ne iya raba wannan da wancan. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda shi ma hukunci yanke shi yake yi, kamar yadda “decide” ta Turanci ta fito daga kalmar Latin ta yankewa. Amma ka lura, wannan gaɓa ba ta kai ta “nescius” zuwa “nice” ƙarfi ba, kuma ya kamata rubutunka ya nuna haka.

In kana shakkar wannan gini gaba ɗaya, akwai gwajin da ya ci. A 1879 Ferdinand de Saussure, yana saurayi, ya ce dole kakan harsunan yana da wasu sautuka da suka ɓace a duk 'ya'yan da aka sani, domin ta haka kaɗai lissafin wasula ke fita. A 1915 Bedřich Hrozný ya warware harshen Hitiyawa daga allunan yumɓu da aka tono a ƙasar Turkiyya ta yau. A 1927 Jerzy Kuryłowicz ya nuna cewa harshen yana da wani baƙi a wuraren da Saussure ya yi hasashe. An auna abu kafin a gan shi, sannan ƙasa ta fito da shi.

## In sifar ta gado ce

Hanyar ta ɗan bambanta, kuma a nan Dokar Grimm ke aiki, wato ƙa'idar sauyin baƙaƙe da aka sa wa sunan Jacob Grimm. A reshen Jamusawa, p na kaka ya koma f, t ya koma th, k ya koma h, d ya koma t, g ya koma k. Shi ya sa “thin” take 'yar'uwar “tenuis” ta Latin, “full” ta “plenus”, “cold” ta “gelidus”. In ka ga kalmar Turanci da ta Latin sun fara da baƙi iri ɗaya daga cikin waɗannan, to ko dai aro ne ko dace, ba gado ba.

Gwada da “new”. Tsohon Turanci “niwe”, Jamusanci “neu”, harshen Holan “nieuw”. Ka fita daga reshen: Latin “novus”, Girkanci “neos”, Sanskirit “nava”, Rashanci “novy”, Farisanci “now” kamar a sunan bikin sabuwar shekararsu, Nowruz. Duka suna komawa ga *newos, kuma ma'anar ba ta gusa ba a duk tsawon wannan zamani. Sifofin yau da kullum irin su sabo da ja da cikakke sukan zauna daram. Masu hukunta halin mutum, irin “nice” da “silly”, su ne masu yawo.

## Ramukan da ake faɗawa

Kama da wane ba wane ba ne. “Bad” ta Farisanci da “bad” ta Turanci furuci kusan ɗaya, ma'ana ɗaya, harsunan ma dangi ne, amma kalmomin ba su haɗa asali ba. “Have” ta Turanci da “habere” ta Latin ma haka: Dokar Grimm ta ce h na Turanci k ne a Latin, don haka 'yar'uwar “have” ita ce “capere”, kamawa. Kusa da gida, “alkali” ta Turanci, sinadarin nan, da alƙali na Hausa duka daga Larabci suke, amma ɗaya daga kalmar tokar tsiro, ɗaya daga “al-ƙadi”. Ita ma “nice” tana da nata tarkon: Faransanci na da “niais”, wawa, mai kama da ita a sauti da ma'ana, amma asalinta kalmar Latin ce ta sheƙa, ana nufin ɗan tsuntsun da bai bar sheƙa ba.

Ka yi hattara da labari mai zaƙi wanda ba shi da takarda. Ana yawan cewa “sincere” daga “sine cera” take, wato babu kakin zuma, wai masu sassaƙa ne ke rantsuwa ba su toshe tsaga da kaki ba. Babu tsohon rubutu da ya goyi bayan wannan. Haka labarin cewa “posh” haruffan farko ne na wata jimla da ake bugawa a tikitin jirgin ruwan Indiya, ba a taɓa samun tikitin ba. Duk tsohuwar kalmar da aka ce maka taƙaitawar haruffa ce, ka ɗauka ƙanzon kurege ne har sai an kawo hujja, domin wannan salon ƙirƙira bai yaɗu ba sai a ƙarni na 20.

Hausa kuwa ba ta cikin wannan dangi. Tana reshen Cadi na dangin Afirka-da-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye a wasu rassan. In kalmar Hausa ta yi kama da ta Turanci, ka fara zargin aro na kwanan nan, irin tebur da bokiti, sannan dace.

Ramin ƙarshe shi ne ɗaukar tsohuwar ma'ana a matsayin ta gaskiya. Wanda ya ce maka “nice” yau bai zage ka ba. Asali yana gaya maka inda kalma ta fito, masu magana da ita ne ke yanke abin da take nufi.

## Rubuta sakamakon

Ka rubuta salsalar daga yau zuwa baya, kowace gaɓa da harshenta, siffarta, ma'anarta da zamaninta, ka kuma bambanta ƙarfin shaida da kalmomin da ka zaɓa. “Daga” ta abin da aka tabbatar ce. “Ana danganta ta da” ta abin da masana suka fi rinjaya a kai ce. Ka kuma raba uwa da 'yar'uwa: “nescius” kakar “nice” ce, “necio” 'yar'uwarta ce, “science” kuwa dangi ne ta wajen saiwa. Tamu za ta fito kamar haka: “nice”, mai daɗi ko mai kirki, tun ƙarni na 18 da na 19, kafin nan mai daidaito, ƙarni na 16, mai tsirfa, ƙarshen ƙarni na 14, wawa, wajen 1300, daga Tsohon Faransanci “nice”, wawa, daga Latin “nescius”, jahili, haɗin “ne” da “scire”, na farko daga *ne, na biyu ana danganta shi da saiwar yankewa.

In kana son gwaji na gaba, ɗauki “sad” ka nemi alaƙarta da ƙoshi da kuma “satis” ta Latin, ko “quick” ka ga yadda mai rai ya zama mai sauri. Duka biyun na gado ne, don haka ƙamusun Bosworth da Toller za ka fara buɗewa, da Dokar Grimm a rubuce a gefen takardarka.